Littafin motar abinci: daga Damagaram zuwa Yamai

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau na yanke shawara, na kuma rubuta ta a nan don kada gobe wani ya zo da farashi mai daɗi ya sa in sake magana: cikin motocinmu biyu, jar mai tan goma ba za ta ƙara ɗaukar komai ba sai abinci. Ba siminti, ba takin zamani, ba bidon gazuwal, ba bisashe.

Abin da ya jawo haka, bara war haka muka ɗauki buhu 250 na ɓararriyar gyaɗa zuwa Yamai, kayan wata ƙungiyar mata ce ta wajen Matamai. Mai sayen yana niƙa tigadege, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa ta miya, yana zubawa a kwalabe. Ya sa aka buɗe buhunan ƙasa, ya ɗebo ya sunsuna, ya ce a mayar. Warin gazuwal. Ni na san inda ya fito, don kwana uku kafin nan motar ta kai wa masu injin ban ruwa mai a bidoji. Gyaɗa kuwa mai ce da kanta, ba abin da ke shan wari kamarta. Matan nan sun yi wata guda suna ɓara, suna tsinta, suna shanya, kwana biyu a cikin motata ya rushe musu aikin. Hajiya shugabarsu ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi: "Alhaji, da tsabtarsu muka ba ka kayan nan." Har yau maganar tana raina.

Bana mai sayen ya sake neman su, amma da sharuɗɗa a rubuce, don yana neman shaidar inganci daga ANMC, hukumar da ke kula da ma'auni da ingancin kaya a Nijar. Yana son ya san kaya uku na ƙarshe da motar ta ɗauka, da ranar da aka wanke ta, da danshin gyaɗar ranar lodi. Yana son lamba a jikin kowane buhu, da hatimi a ƙofa. Hajiya ta kawo mini takardar ta ce rabin abin da ke ciki ba a hannunta yake ba, a hannuna yake. Ta yi gaskiya.

Ƙanena da ke karatun aikin gona a jami'a ya zauna ya warware mini tushen abin. Tun 2007 ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, har da tamu, suke da doka guda kan lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci. Maganar kaya uku na baya kuma tana cikin ƙa'idar jigilar abinci da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2001. Ya ce a Amurka ma tun 2016 an raba nauyin a rubuce tsakanin mai kaya, da mai lodi, da mai mota, da mai karɓa: mai kaya ya faɗi irin tsabtar da kayansa ke buƙata, mai mota ya cika. Dokar Amurka ba ta hau kanmu ba, amma rabon nan ya shige ni, don a tasharmu in kaya suka lalace kowa nuna ɗan'uwansa yake.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ranar kasuwar Dole. Na sayi sabon bash na rufe kaya, jaka 85, wato sefa 85,000. Tsohon yana da huji goma sha ɗaya, na ƙirga su da kaina da na shiga ƙarƙashinsa da rana. Na mayar da shi kan ɗaya motar. Buroshi biyu masu dogon hannu, omo, bokiti, ruwan jabel: jaka 8. Hatimin roba mai lamba, irin wanda in an ɗaure sai dai a yanke, guda hamsin jaka 10. Sai babban littafi mai baƙin bango wanda zai zauna a gaban mota.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na ɗauka wanki aikin yini guda ne. Ashe ba a nan take ba.

Da safe ni da yaron mota muka share daɓen, muka zuba ruwa da omo muka hau gogewa. Da ruwan ya kwanta a kan katakon sai na ga wani maiƙo yana tasowa, yana ƙyalli kala-kala kamar wuyan tattabara. Muka ɗauraye muka sake, ya sake tasowa. Sau huɗu. Katakon ya sha gazuwal da baƙin mai shekara da shekaru, ya shiga har cikinsa. Na sa yaron ya ɗauko ƙusa ya bi tsakanin katakai yana sakatowa. Abin da ya fito ya isa cika kwano: farin ɓawon takin zamani da ya daskare, kashin awaki, ɓawon albasa, kashin ɓera, da ƙwayoyin gero da suka tsira suka mutu a wurin. A kan wannan muke ta jibga abincin mutane. Na tsaya ina kallo, kunya ta kama ni.

Ba wankin da zai gyara shi. Na kira kafinta daga Zango ya duba, ya ce a cire daɓen gaba ɗaya. Katako da ƙusoshi da kuɗin hannunsa, mun daidaita a jaka 140, kuɗin da ban sa a lissafi ba ko kaɗan.

Allah ya sa da la'asar na koma garejin. Na tarar ya ajiye galan na baƙin mai da tsumma, zai shafe sabon katakon kamar yadda aka saba, don kada gara da ruwa su ci. Ba mugunta ba ce, haka ya koya, haka kowa ke yi. Na ce masa: "Malam, don Allah ajiye. Wannan man shi ya sa muka cire na farkon." Ya ce to katakon ba zai daɗe ba. Na ce na yarda in sake shi bayan shekara uku. A ƙarshe muka tsaya a kan a shafe ƙasan da ke kallon hanya da fenti, saman kuma a goge shi sumul a bar shi haka.

Talata, 14 ga Oktoba

Daɓe ya kammala. Mun wanke gefuna da ƙofa da ruwan jabel, mun bar ta buɗe a rana. Ba za a ɗora komai ba sai ta yi kwana biyu a bushe.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Kafintan ya kawo katakon ɗora kaya guda goma sha biyu, jaka 6 kowanne, jaka 72. Amfaninsu buhu ba zai taɓa daɓe ba, iska kuma za ta bi ta ƙasa. Kuɗin shiri ya kai jaka 315 ke nan kafin motar ta motsa.

Amma aikin yau na gaske magana ce da Baba direba, bayan an sauko daga masallaci. Shi ya tuƙa wa mahaifina fiye da shekara ashirin, a gabansa na girma, don haka ba a ofis na kira shi ba, gidansa na bi shi. Na karanta masa sharuɗɗan: ba fasinja a kan kaya, ba rago, ba buhun gawayi, ba bido a baya. Ya yi shiru har shayin ya huce, sannan ya ce: "Alhaji ƙarami, albashin da kake ba ni ba shi ke riƙe gidan nan ba. Hanya ke riƙe shi."

Na san haka, kowa ya sani, ba a dai faɗa ne. Mutum biyar a kan kaya daga Takeita zuwa Maraɗi, raguna biyu zuwa Ƙonni, ɗan saƙo nan da can, da su direba ke cefane. Masu rubuta dokar tsabta ba su ga wannan ba, a nan kuwa take karyewa. In na hana shi ban maye masa gurbin ba, zai ce mini to, da ya wuce shingen fita gari ya ɗauka, ni kuma in sa hannu a takardar ƙarya ba tare da na sani ba. Na ƙara masa jaka 25 a kowace tafiya, yaron mota jaka 5. Ya ce bai kai abin da yake samu ba, amma kuɗi ne tabbatacce, kuma ya huta da rigimar fasinja. Muka yi musafaha.

Daga nan na wuce wurin Hajiya na ce mata buhu ba zai tafi a 1,500 kamar bara ba, sai jaka 2, kuma buhu 200 mai kilo 50 kawai zan ɗauka, ba ɗori. Ta ja ta ja, ta ce za ta gaya wa mata. Da dare ta kira ta ce sun yarda.

Littafin na tsara shi haka: kowace tafiya shafi biyu. Na hagu na mota ne, abin da ta ɗauka a baya, ranar wanki, wanda ya wanke, lambar hatimi. Na dama na kaya ne, mai shi, yawan buhu, danshi, da zanen inda kowane rukuni ya zauna a cikin mota. Ƙasa kuma duk inda aka tsaya a hanya, da ƙarfe nawa, da dalili. Yaron mota ya yi lakwal har aji shida, shi zai riƙa rubutawa.

Talata, 21 ga Oktoba

Mun je lodi mun dawo ba kaya.

Malamin gona na yankin ya aro mana na'urar auna danshi, ƴar ƙarama kamar kofi, a zuba gyaɗa a rufe, lamba ta fito. Kayan daga ƙauyuka huɗu suke. Muka soki buhu ɗaya cikin kowane biyar, sama da tsakiya da ƙasa. Uku daga cikin ƙauyukan sun ba da 7 zuwa 7 da rabi cikin ɗari. Na huɗun, buhu sittin, 10 da rabi. Mai sayen ya ce kada ya wuce 8.

Matan ƙauyen suka ce ba su yarda ba. Wata dattijuwa ta ɗebo ta ciza, ta ce in ji ƙarar da kunnena. Ta yi ƙas, gaskiya, amma da na murza wata tsakanin yatsu fatar ba ta saɓule da sauƙi ba, da na tura hannu tsakiyar buhun kuma sai na ji ɗumi. Na ce ba zan ɗora su ba, kuma ba zan tafi da mota kashi uku cikin huɗu ba. Hajiya ta janye ni gefe, ranta a ɓace, ta ce: "Alhaji, kai mai mota ne ko mai saye?" Na ce: "Hajiya, mai mota ne. Amma in na rufe wannan da bash kwana biyu a zafin nan, ni zan dafa muku ita, har ta shafi na sauran."

Malamin gonan ne ya raba gardamar. Ya tono ƙwayoyi biyar daga cikin tsintar da aka ware, ya fasa su a tafin hannunsa. Biyu suna da wani gari a ciki, kore-kore mai ruwan ɗorawa. Ya ce wannan funfunar ita ke haifar da gubar da ake kira aflatoksin, danshi da ɗumi take so, kuma in ta riga ta zuba gubar, suya ba ta kawar da ita. Hanta take ci a hankali, tana cikin abubuwan da ke kawo sankarar hanta, in ta yi yawa kuma kisa take nan take: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masara mai ita. Iyakar da Codex ta sa wa gyaɗar da za a ƙara sarrafawa mikrogiram 15 ne a kilo, Tarayyar Turai kuma 4 ga wadda za a ci kai tsaye. Abu ne da ido ba ya gani, ƴan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kayar da buhu. Wurin ya yi tsit. Dattijuwar nan da kanta ta ce a kawo tabarmi da bash a baje.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa ba lodin ba ne. Na tambayi inda tsintar ke zuwa, aka ce ai ba a zubarwa, ƙuli-ƙuli ake yi da ita, yara su ci, saura a ba awaki. Malamin ya ce gubar ta fi zama a tunkuza fiye da cikin mai, kuma tana bi ta nonon dabba. Wato mai kyau ta tafi Yamai, mai cutar ta zauna a gida. Na roƙi Hajiya ta sa wannan a taronsu na gaba, ta ce za ta sa.

Asarar yau: gazuwal na zuwa da dawowa, kusan jaka 35.

Asabar, 25 ga Oktoba

Hajiya ta aiko da hoton na'urar ta WhatsApp: 7 da ɗigo 8. Kwana huɗu a rana, ana juyawa, ana kwashewa kafin raɓa ta sauka. Lodi ranar Litinin in Allah ya kai mu.

Litinin, 27 ga Oktoba

An yi lodi. Kowane ƙauye da harafinsa, kowane buhu da lambarsa da shuɗin alli mai maiƙo, yaron mota yana zana wurin zamansu a littafi. Na sa ƴan dako su cire takalma kafin su hau, aka yi ta dariya, amma sun cire. Mun bar tazarar tafin hannu tsakanin buhu da jikin mota, muka gicciya sanduna uku a sama don bash ya yi tozo, kada ya kwanta a kan kaya ya yi musu zufa. Na zagaya da igiya ta cikin zobban bash ɗin, na haɗa bakinta da ƙofa, na ɗaure hatimi. Ni da Hajiya muka sa hannu a takarda biyu, ɗaya tata ɗaya ta mota. Ta ɗauki hoton hatimin ta aika wa mai sayen.

Sun tashi bayan la'asar. Kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Kaya sun isa ranar Laraba. An karɓi buhu 195, an ƙi biyar. Sai yau na samu natsuwar rubutawa, bayan na ji bakin Baba da na yaron, kowa daban, na kuma ga hotunan shafin.

Ga yadda abin ya faru. A wani shinge kafin Maraɗi jami'ai suka ce a buɗe su ga kaya. Aikinsu ne, ba laifi. Aka yanke hatimi, suka duba, suka sallame su. Sai dai hatimai arba'in da tara suna nan cikin durowata a Damagaram, ban ba su ko ɗaya na canji ba. Wannan kuskurena ne, ba na kowa ba. Suka ɗaure ƙofa da igiya suka ci gaba.

Can tsakanin Gidan Rumji da Madawa, da tsakar dare, motar ta faɗa rami, sifirin baya ya karye, ƙarfen da ke riƙe bidon ruwa a ƙarƙashin mota shi ma ya tsinke. Suka kwana a wurin. Da safe yaron ya hau kabu-kabu ya nemo makaniki, gyara ya ci jaka 45 da awa bakwai. Da za su tashi, yaron ya rasa inda zai sa bidon ruwan, lita ashirin da biyar, na alwala da na lagireto. Ƙofar baya ba hatimi, sai ya buɗe ya tura shi a kusurwa, a ransa ai ruwa ne ba mai ba. Murfin ya tsage bai lura ba. Kafin Doso rabin ruwan ya bi buhunan layin ƙarshe.

Na yi fushi da farko, na kira shi a waya da niyyar faɗa. Sai ya ce: "Maigida, na rubuta a littafi." Ya kuwa rubuta: ƙarfe nawa aka yanke hatimi, a ina, ƙarfe nawa ya sa bidon, a wane gefe. Wannan rubutun shi ya ceci kayan. Da mai sayen ya ga ƙofa ba hatimi, niyyarsa ya mayar da motar gaba ɗaya kamar bara. Baba ya miƙa masa littafin. Ya karanta, ya dubi zanen, ya sa aka sauke layin ƙarshe kaɗai, ya ware biyar da suka jiƙe, ya auna na kusa da su ya ga ba su canza ba, ya ɗebi samfur daga kowane harafi don kaiwa ɗakin awo. Sauran ya karɓa. Yaron bai sha faɗa ba, na dai ce masa ko ruwan zamzam ne kada ya ƙara shiga bayan motar nan.

Buhu biyar ɗin na biya ƙungiyar kuɗinsu cif, jaka 30 kowanne. Hajiya ta ce a raba asarar, na ce a'a, a hannuna suka jiƙe. Baba ya baje su a rana a ranar, aka tsince waɗanda suka yi laushi aka binne, sauran aka sayar jaka 95.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Motar ta dawo jiya. Kayan dawowa su ne ciwon kan da ban hango ba. A tashar Yamai ɗan kamasho ya samo mana siminti, jaka 280, lodi nan take. Baba ya kira ni, na ce a'a. Aka ce akwai taki, na ce a'a. Kwana biyu suna zaune kafin a samu shinkafa da katan-katan na taliya zuwa Damagaram, jaka 210.

Lissafi: shiga jaka 610. Gazuwal zuwa da dawowa 343, kuɗin hanya da na direba da yaro 90, ƴan dako 20, gyara 45, asarar buhu biyar 55. Abin da ya rage jaka 57, in na cire jaka 35 na zuwan banza Matamai, saura 22. Ba riba ba ce, amma ban ci uwar kuɗi ba. Abokan sana'a a tasha suna cewa na ɗaure wa kaina dutse. Wataƙila haka ne a tafiyar farko, a bari mu ga ta biyar.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Wake ya shigo kasuwa sosai. Wani babban ɗan kasuwa, wanda mahaifina ya yi hulɗa da shi, ya aiko in je magazarsa in ga kaya zuwa Yamai. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni, har idona ya yi yaji. Piya-piya ce, maganin ƙwari, aka yayyafa wa waken kafin a ɗinke. Na ce: "Baba Alhaji, wannan maganin ba na abinci ba ne." Ya ce kowa haka yake yi, in ba haka ba ƙwari su mayar da buhu gari kafin wata biyu. Ya ƙara da cewa zai ba ni ƙwayoyin turaren nan, fostoksin, in jefa a ƙarƙashin bash, kafin a isa sun gama aiki.

Nan na ji tsoro na gaske. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska take sakin iskar guba, an yi ta ne don magaza rufaffiya, a hannun wanda ya iya, a buɗe wurin ya sha iska kafin mutum ya shiga. Yarona kuwa a gindin motar yake shimfiɗa tabarma duk inda suka kwana. Ita piya-piyar, sinadarin da ke cikinta diklobos ne, shi ya sa Tarayyar Turai ta rufe wa busasshen waken Najeriya ƙofa a 2015, don abin da aka samu a jikinsa ya zarce iyakarsu ta 0.01 miligiram a kilo nesa ba kusa ba. Turawa sun ƙi, mu kuma a tukunyarmu yake ƙarewa. In na ɗauka, warin zai kama sabon katakon, in kuma rubuta me a shafin kaya uku na baya? Na ba shi haƙuri cikin ladabi. Bai ji daɗi ba, ya ce mahaifina ba zai yi masa haka ba. Maganar ta yi mini zafi, na dai yi shiru na fito.

Da yamma Allah ya kawo wani. Ƙungiyar manoma daga wajen Mirya, buhu ɗari mai kilo ɗari, duka a buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure daban. Ba magani ko ɗigo, iska ce ke ƙare wa ƙwarin su mutu. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi, INRAN ta Maraɗi, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ta yi aiki a kansa sosai a ƙasar nan. Sai dai huji ɗaya ya isa ya kashe amfaninsa, ƴan dakonmu kuwa da ƙugiya suke cafkar buhu. Na tara su na ce yau ba ƙugiya, mutum biyu-biyu za a ɗauka. Shugabansu ya ce kilo ɗari ba wasa ba ne, a ƙara musu. Na ƙara dala goma a kowane buhu. Kafin a fara na bi katakon ɗora kayan da tafin hannu, na samu kan ƙusa uku a waje, na buge su na shimfiɗa kwali.

Talata, 18 ga Nuwamba

Wake ya isa lafiya, ba huji, hatimi na biyu a ƙofa da lambarsa a littafi. Sun dawo da sukari. Mai walda ya yi sabon kejin ƙarfe a ƙarƙashin mota, ɗaki biyu, na ruwa da na gazuwal, jaka 18. An wanke ta, tana shan rana.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Sakamakon awon gyaɗar farko ya fito, duka haruffa huɗun suna ƙasa da iyakar da mai sayen ya sa, har da na ƙauyen da aka sake shanyawa. Hajiya ta zo gareji da kanta ta nuna mini takardar a wayarta, ta kawo wa yaron mota ƙullin soyayyar gyaɗa. Mai sayen yana son lodi uku kafin ƙarshen Janairu, ya kuma ce a riƙa aiko masa da hoton shafin littafin kafin mota ta tashi. Ya ba wani mai sayen riɗi lambata.

Abin da ke gabana yanzu: na'urar auna danshi tawa ta kaina, don ba kullum za a samu aro ba, na sa ƙanena ya tambayo farashi a Kano da Yamai. Daɓen siminti a gefen gareji mai magudana, don wanki a kan ƙasa yana mayar da laka cikin mota, magini ya ce jaka 120, sai bayan lodi na biyu. Sai kayan dawowa, wanda shi ne zai nuna ko abin nan zai ɗore: gobe zan zauna da wani mai shagon sari a Dole da ke kawo shinkafa da man girki daga Yamai duk sati biyu, in ga ko za mu ƙulla na wata uku.

Hunturu ya fara sauka, ƙura ta yi yawa a hanya. Baba ya ce tana shiga ta gaban bash inda ya haɗu da kan mota, ya ga ta kwanta a buhunan layin farko. Zan sa mai ɗinki ya ƙara masa leɓe mai faɗin kamu biyu kafin lodin Alhamis.